Wa Ta Koya Maka Naɗa Taliya?

"Wa ta koya maka?"

Injiniya ya tsaya da cokali a hanyar baki. "Koya me, Zumana?"

"Naɗa taliya haka a jikin cokali mai yatsu, ko silli ɗaya bai zame ba. Wa ta koya maka?"

Ni kuwa na ajiye yankan fiza, gurasar nan ta Turawa, da nake ta fama da shi, na gyara zama. Irin wannan magana ba a saurarenta baki cike.

Injiniya jikana ne, Zuma matarsa. Hutu ya kawo mu garin da ya yi karatu a ƙasar waje, wai ni an ɗauko ni ne don in riƙe musu jaririya. To da hannu ake riƙon jaririya, ido da kunne kuwa suna nan ba aikin yi.

Tun da muka iso yake yawo da mu, bakin ruwa, kantuna, gidan tarihi. Amma na lura akwai wani lungu da in muka doso shi sai ya ce mu bi ta can, nan ba komai. Ranar sai ruwan sama ya kama mu a bakin lungun da tsakar rana. Zuma ta hango gidan abincin Italiya, ƙamshin tafarnuwa da tumatir har titi, ta ja mu ciki kafin ya buɗe baki.

Ko zama ba mu gama yi ba wata mata ta leƙo ta tagar kicin, doguwa, fulawa har gwiwar hannu. Tana ganin jikana ta dafe ƙirji. Ta fito da sauri tana zuba masa yarensu, shi ma ya mayar mata tiryan-tiryan, kansa a ƙasa. Mu aka tambaye mu abin da za mu ci. Shi ba a tambaye shi ba. Da hannunta ta dire masa taliya da man zaitun da tafarnuwa da ɗan barkono, ta shafa bayan kujerarsa ta wuce.

"Ba wanda ya koya min," in ji shi. "Ci abincinki kada ya huce."

"Na ƙoshi."

"Ko loma ba ki kai ba..."

"Na ce na ƙoshi. Ci naka, tunda an san abin da ranka ke so."

Na leƙa farantinta, taliya ce mai faɗi da miyar nama da cuku ya narke a kai. Na jawo shi gabana don kada a yi asara.

"Gaskiya baiwar Allahn nan tana da hannu," na ce. "Ga tsayi, ga hanci."

"Kaka, don Allah..." Injiniya ya harare ni.

"Daga yabon miya, Maigida? Ni da na riga kowa aurenka ban yi fushi ba."

Zuma ba ta yi dariya ba. Idonta ya kawo ruwa, ta miƙa masa tafin hannu.

"Ba ni makullin ɗaki. Gobe ka sa mu a jirgi ni da 'yata. Kai ka zauna ka ƙarasa hutunka da mai fulawa."

Nan na ajiye cokali. Yarinyar nan ba ta cika magana biyu ba.

"Zuma, wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"To mene ne? Kullum ka kauce wa lungun nan, ashe..."

Sai ƙararrawar kicin ta yi ƙara, irin wadda ake bugawa in abinci ya sauka.

Jama'a, kafin in ƙifta ido jikana ya miƙe zumbur, hannu ɗaya a baya, har ya nufi tagar. A tsakiyar ɗakin ya tuna ko shi wane ne. Ya tsaya ƙiƙam, cikin rigarsa mai tsada, masu cin abinci suna kallonsa.

Ya dawo ya zauna a hankali, ya rufe fuska da hannu.

"A nan na yi aiki," ya ce. "Tallafin karatun ya yanke ina tsakiya. Na kasa gaya wa Baba. Faranti na ɗauka, na wanke tukwane, na kwana a sito kusa da buhunan fulawa. Wannan taliyar da kika ga an kawo min, abincin ma'aikata ne in an tashi."

Zuma ta juyo ta fuskance shi.

"Lokacin da nake kiranka kana ce min kana ofis?"

"Ina bayan can, hannuna a ruwan wanke-wanke."

"Hoton da ka aiko min da kwat?"

"Kwat ɗin yayan matar can ce."

"Ita fa?" Ta nuna tagar kicin da haɓa. "Kada ka yi min ƙarya."

Ya sauke hannu daga fuska. "Ta so in zauna. Na ce mata akwai wadda ke jirana a gida."

Na ɗauka shi ke nan, za ta huce. Ina. Sai ma hawayen ya ɓalle.

"Ka san abin da ya fi ci min rai? Ita ta ga yunwarka. Ta ga gajiyarka, ta zuba maka abinci. Ni kuma hoton kwat ka aiko min... Ka ɗauka kwat nake jira?"

"Kunya na ji, Zumana."

"Kunyata?"

Jaririya ta motsa a cinyata, na jijjiga ta ina roƙon Allah kada ta farka ta ɓata min kallo.

Zuma ta share ido da bakin mayafi. Ta dubi tagar kicin, inda aka jera wasu ƙananan farantai na kayan zaƙi, namu.

"Tashi ka ɗauko min da kanka," ta ce. "Ina so in gan shi."

"Ki ga wa?"

"Wanda ka ɓoye min."

Ya tashi. Ya jera farantan a hannu ɗaya tun daga tafi har damtse, ya ratso tsakanin tebura ko gefen kujera bai taɓa ba. Ya dire mata nata, ya ɗan rusuna. Mai fulawa tana jingine a taga, ta bi shi da wani irin kallo har ya iso.

Zuma ta raɗa min, "Kaka, kin ga kallon nan?"

"Ni da na fi ki zama kusa?"

Injiniya ya juya zai kwashe farantan da muka ɓata, hannu ya riga ya saba. Zuma ta cafke wuyan hannunsa, ta jawo kujerarsa har ta gogi tata, ta ɗaga murya daidai yadda za ta kai taga, ko da ba a jin yaren.

"Zauna, mijina. Ka gama aiki a gidan nan."