Ranar da Aka Taso Manya Daga Benci

Safar hannu ce ta haɗa su, 'ya'yana, safar gola da ta yage a babban yatsa. Auta na kan keken ɗinki wani saurayi ya shigo shagon, dogo, riga duk ƙunar walda, yana sosa ƙeya.

"Mu tufafi muke ɗinkawa, malam."

"Taimaka dai. In ƙwallo ta wuce ta nan, ke unguwa za ta zaga."

Ta ɗinke tana dariya. Safar nan kuwa, ikon Allah, kowane mako sai ta sake yagewa. Kafin ka ce kwabo ta raɗa masa Katanga, shi kuma yana ce mata Telata.

Da maganar aure ta taso, Baban Auta ne ya kafe. Ga mai shagon wayoyi na zuwa gaisuwa da mota, ina shi ina golan ƙungiyar unguwa? Ana haka aka jefa ƙuri'ar kofin ƙasa, na sili ɗaya ƙwale, 'yan unguwa suka faɗo kan zakarun ƙasar. Katanga ya zo gaida Baba baki har kunne.

"Kofin nan ya mutu tuntuni, yaro," in ji Baba. "Ƙananan 'yan wasa suke sawa, taurarinsu na benci suna hamma. Ranar da ka sa kocinsu ya taso su, turo iyayenka."

Auta na bayan labule, ta ƙulle maganar a bakin zani.

Ranar wasa fili ba masaka tsinke. Baba ya biyo ta, wai ya zo ganin yadda za a sha kashi. Ai kuwa! A buga sama, Katanga ya cafke. A buga ƙasa, ya kwanta a kai. Aka dawo hutu ba ci. Kocin zakaru ya yi jifa da gorar ruwa, ya yafito benci. Manya uku suka miƙe suna tuɓe jaket.

"Baba, ka gani?"

Ina! Baba na tsaye kan kujera yana ihu: "Fito ka kama, ɗana!"

Dab da tashi aka zura wa 'yan unguwa ɗaya. Katanga ya sulale ba sallama. Can wayar Auta ta yi ƙara:

"Telata, ki yafe ni. Ta ƙarƙashin hannuna ta wuce. Ban da idon kallon Baba."

Nan take ta mayar:

"Katangata, wa ya ce maka sai ka ci? Ka taso su ko ba ka taso su ba? Baba ya ce ka turo iyayenka. Da hannu ma ya yi bayanin, muryar ta dishe."

Aka sha biki, 'yan ƙungiya suka ɗaga ango sama. Yanzu in kana neman rigima, ce wa Baba kofin nan ya mutu. Safar kuwa ba ta ƙara yagewa ba. Amarya ta ce tun farko ta gane yankan almakashi. Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuri'a mai albarka.