Igiyar Rigar Yaniris

Jirgin ruwanmu bai bar tashar La Romana ba tukuna aka busa ƙaho da magariba, aka tara mu a gefen jirgin don koya mana saka rigar ceto. Yayata Nereida ta turo mini 'yarta Yaniris. "Riƙe ta, sarkin kunya, zan ɗauki hoto."

Ina fama da igiyar rigar yarinyar sai wata dattijuwa ta durƙusa gabanmu.

"Kawo, 'yata. Haka muka ɗaure namu, duk suka kwance."

Ban iya ce wa babba a'a ba, na sakar mata.

Muryarta kamar ta mai magana da ruwa a baki. Rigunan kowa sababbi ne, tata kuwa ta koɗe, tana ɗiga, tana warin gishiri. Yatsunta sun yi fari, sun yamutse.

"Anti, hannunta sanyi," in ji Yaniris.

"Za ki saba," matar ta ce.

Ta miƙe ta nufi ƙarfen bakin jirgi, Yaniris tana tuntuɓe a bayanta. Sai lokacin na ga ƙullin. A nata ƙugun dattijuwar ta ɗaure igiyar yarinyar.