Yana Kaina, Shugaba

Ranar da aka kawo ta jagorancin ginin sabon ɓangaren haihuwa na asibitin, a saman tsani ta tarar da shi. Kansa na cikin silin, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta yi sallama har ta gaji kafin ya leƙo, gashin girarsa duk farar ƙura.

"Injiniya, ina zanen wayoyin nan da kake ja?"

Ya dube ta kamar wanda ya manta sunansa. "Yana kaina."

"Takarda na tambaya, ba kanka ba."

"Yana kaina, Shugaba."

Ta juya a fusace. Abin da ya ƙara mata haushi shi ne har ta isa ofis tana tuna idanunsa.

Ma'aikatan ginin Asusu suke ce masa, domin duk abin da ya shiga cikinsa ba ya fitowa. Ya san inda kowace waya ta bi, ya san wane makunni ne na ɗakin tiyata, ya san yadda za a haɗa wutar sola da janareta. Amma in ya fita sallah sai aiki ya tsaya, masu fenti da masu famfo su zauna a kan bulo suna jiransa kamar masu jiran ruwan fari.

Shugaba ta kafa doka: kowace safiya a taru a ƙarƙashin rumfar kwano, mutum ɗaya ya koya wa sauran abin da ya sani. Birkila ya yi nasa. Mai famfo ya yi nasa har da barkwanci. Da layi ya zo kan Asusu sai ya miƙe ya ce, "Wutar tana lafiya," ya zauna.

Ta kira shi ofis ta rufe ƙofa. "Don Allah me na yi maka? In mota ta buge ka gobe, matan da za su haihu a nan a cikin duhu za su haihu?"

"Ba ki yi mini fatan alheri ba."

"Ka bar ni da fata, ka ba ni amsa!"

Ya dubi takalminsa. Sannan ya ce a inda ya fara aiki ya koya wa wani abokinsa komai, bai rage ko ƙwaya ba. Da aka tashi rage ma'aikata aka sallame shi, aka bar abokin. "Wanda maciji ya sara," in ji shi, "in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma ni in na ga taro harshena ɗaurewa yake."

Fushinta ya sauka, amma ba ta bari ya gani ba. "A nan ni ce mai sallama, kuma ba na sallamar mai koyarwa. Mai ɓoyewa nake sallama."

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Shugaba, faɗanki ya fi dariyar wasu daɗi. Ki yi haƙuri da ni."

Ta amsa: "Ashe kana da baki. Ka kawo shi wurin taro gobe."

"Wannan bakin naki ne ke kaɗai, Haskena."

Ta ajiye wayar tana tsaki, tana murmushi, tana jin haushin murmushin.

Ba a daɗe ba ya zo gaishe da mahaifinta. Baba tsohon malamin makaranta ne, mai son hira kamar me. Bayan baƙon ya tafi ya kira ta falo.

"Auta, wannan mutumin kurma ne? Na ce me kake yi, ya ce aiki. Na ce wane iri, ya ce na wuta. Wanda ba a san cikinsa ba ba a ba shi 'ya. Ga ɗan aminina lauya, yana zuwa gidan nan ya cika shi da magana."

"Baba, shi lauyan ai ba ya barin kowa ya sa baki."

"To ki zaɓi tsakanin rediyo da bango, amma ni ban yarda da bango ba."

Kamar wannan bai isa ba, sai ta lura Asusu ya daina cin abincin rana. Kullum in an tashi hutu yana ɗakin na'urori da Mai Tabarau, injiniyar da ke kula da na'urorin sanyaya ɗaki, kansu a haɗe, yana ta zuba mata magana. Mutumin da sai an yi da gaske yake ba ta kalma uku! Ba ta tambaye shi ba. Ta daina amsa saƙonninsa, ta koma kiransa "Malam Injiniya" a gaban kowa.

"Haskena, laifin me na yi?" ya rubuto.

"Yana kaina," ta mayar masa.

Ana saura kwanaki kaɗan masu asibitin su zo gwajin wuta, tsani ya zame da shi, ƙafa ta karye. Aka kwantar da shi a tsohon ɓangaren asibitin, an ɗirka masa allurar barci. Shugaba ta tsaya a gaban akwatin makunnai, hankalinta ya rabu biyu, rabi a kan ƙafarsa, rabi a kan wayoyin da ba wanda ya san kansu.

Mai Tabarau ta matso. "Shugaba, zan iya. Ya koya mini duka, ya sa na koya wa mai famfo da yaran lantarki. Ya ce taro ba zai iya ba, amma mutum ɗaya zai iya, tunda ke kika ce. Kuma wallahi na gaji. Rabin darasin wuta ne, rabin labarinki."

Ranar gwaji aka kashe wutar gari da gangan. Fitilun ɗakin tiyata ko ƙiftawa ba su yi ba. Masu asibitin suka sa hannu suka tafi suna yabo.

Ta tafi ɗakin da yake kwance, ƙafarsa a rataye. "Kai wane irin mutum ne? Ka bar ni ina cin wuta a banza! Me ya hana ka gaya mini?"

"Na so in ba ki mamaki."

"Ka ba ni hawan jini." Ta ja kujera ta zauna, muryarta ta yi ƙasa. "Injiniyana, daga yau duk abin da ke kanka ka faɗa mini, ko da shirme ne."

"To, ina son in aure ki. Wannan ya daɗe a ciki."

Da ya fara takawa da sanda ya koma wurin Baba. Tsohon ya yi kuskuren tambayarsa yadda wutar sola take aiki. Asusu ya gyara zama, ya fara daga rana, ya gangaro kan batir, ya nemi biro ya zana a bayan jarida. Shayi ya huce, aka sake wani, shi ma ya huce. Baba ya yi hamma, ya duba agogo, ya yi gyaran murya, duk a banza.

Daga ƙarshe ya ɗaga hannu. "Auta! Zo ki ɗauki abinki. Na ba shi, na ba shi, ya turo magabatansa. Ashe dam ne aka toshe."

Aka ɗaura aure bayan an buɗe ɓangaren haihuwar. Ma'aikatan ginin suka zo gaba ɗaya, birkila da mai famfo suna gardamar wanda ya fara gano soyayyar. Baba ya kama hannun ango ya haɗa da na 'yarsa, idonsa ya ciko.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Allah Ya sa ku rufa wa juna asiri, Ya kai ku tsufa tare."

Ɗakin ya amsa da amin, amarya ta sunkuyar da kai tana share hawaye.