Ɓarawon da Ya Bar Sabuwar Kwamfuta

Ana saukowa daga masallacin Juma'a Malam Abdulbaƙi ya iso caji ofis, babban ɗansa Auwalu na riƙe da hannunsa. An fasa ɗakin karatunsa a Soron Ɗinki suna masallaci, an ɗauke tsohuwar kwamfutarsa.

"Ba ƙarfen nake wa kuka ba, Sufeto," in ji dattijon. "Waƙoƙin mahaifina ne a ciki, na ajami. Shekara tara ina karantowa ana bugawa. Takardun asalin kuwa gara ta gama da su."

Auwalu ya zo da sunan ɓarawo a baki: Aminu mai gyara, wanda aka kira ranar Laraba ya duba yadda za a mayar da manhajar rubutun ajamin cikin sabuwar kwamfutar da aka sayo. Kafin la'asar Aminu yana sel.

Sufeto Isyaku ba ya son ƙarar da ta zo da amsarta a aljihu. Ya ɗauki hularsa ya bi su gida.

Lungun gidan ƙunci gare shi, mutum biyu ba sa jerawa. An ɓalle kwaɗon ɗakin, amma ga sabuwar kwamfuta zaune a kan tebur tana ƙyalli.

"Ɓarawon nan akwai tausayi," in ji Sufeto. "Ya bar sabuwa, ya sungumi tsohuwa mai nauyin buhun gero. Auwalu, ka taɓa kunna wannan?"

"Ko kusa, ranka ya daɗe. Jiran mai gyara muke."

A bakin lungu wata dattijuwa, 'Yardada, tana suyar awara.

"Ɗan nan, lungun nan ba ya ɓullewa," ta ce. "Tun hantsi nake nan. Ba wanda ya wuce ni da kaya, sai masu darduma."

Ke nan kwamfutar ba ta bar lungun ba.

Sufeto ya koma ofis. Aminu yana tsaye ya riƙe ƙarfen ƙofar sel, gumi ya jiƙa masa riga. Tausayinsa ya kama Sufeto, amma bai nuna ba.

"Me ka ce musu ranar Laraba?"

"Cewa na yi kada kowa ya taɓa, yallaɓai. Manhajar tsohuwa ce, faifanta ya ɓata, kuma waƙoƙin a cikinta suke zaune. Sai an kwafe cikin kwamfutar gaba ɗaya. Auwalu ya yi mini dariya, wai aikin minti biyar nake ja wa rai."

Sufeto ya sa aka buɗe shi, suka koma gidan tare da wani kofur. A gaban kowa ya kunna sabuwar kwamfutar. Sai ga ɗan hoton manhajar ajamin a fuskarta. Ya danna, ba abin da ya buɗe. Ya duba ranar da aka saka shi: Alhamis.

"Aminu, mene ne wannan?"

"Alama ce kawai, yallaɓai, kamar allon shago. Shagon yana can cikin tsohuwar."

Sufeto ya juya ga Auwalu. "Mai awara ta ce jiya Aminu bai shigo lungun nan ba. Kai kuma ka ce ba ka taɓa kunna ta ba. Wa ya saka?"

Auwalu ya dubi ƙofa, kofur ya cika ta. Ya dubi mahaifinsa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Hotunan na ja na zuba a filashi, na juye a sabuwar. Na ga komai ya fito reras. Sai na goge tsohuwar tas, na cika wa yarana ita da darussa da fina-finai. Bayan nan ne na danna a sabuwar, ba abin da ya buɗe." Ya juya ga dattijon. "Baba, da wane baki zan ce maka ni ne?"

"Shi ya sa ka ari bakin bawan Allah," in ji Sufeto. "Tsohuwar tana ina?"

An zaƙulo ta a ɗakin girki, ƙarƙashin buhunan gawayi. Aminu ya haɗa wayoyi, ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai.

"An rubuta wasu abubuwa a kai, Malam. Ko an samo, gutsattsari ne."

Kofur ya sa wa Auwalu ankwa bisa laifin kai ƙarar ƙarya, ya tasa shi gaba cikin lungun. Malam Abdulbaƙi bai ɗaga kai ba. Ya laluba ya kamo hannun Aminu.

"Ka yafe mana, ɗana. Zauna, ɗauki biro. Abin da ke kaina za mu ceto."

Ya gyara murya ya rera baiti na farko, Aminu ya rubuta. Ya rera na biyu. A na uku ya tsaya, leɓensa na motsi. Aminu ya riƙe biro yana jira.