Babur ɗin Hazim

Hantsi bai gama dubawa ba rahoto ya iske Sufeto Abdulganiyu a ofis. Masu tallan ruwa a amalanken jaki sun tsinci gawar wani saurayi a busasshen rafin da ke yamma da unguwar Dar Salam a Umdurman, babur mai ƙafa huɗu a kife a kansa.

Sunan mamacin Hazim, ɗan wani dattijo Baba Ishaku. Kafin Sufeto ya iso, 'yan unguwa sun gama shari'arsu. Sun kamo Amjad, abokin Hazim, sun fasa masa baki, saboda jiya an ji su suna sa-in-sa a kan babur ɗin. Sufeto ya sa aka tura shi mota don kada gawa ta zama biyu. Amma ya san halin aikinsa: in bai samo mai laifin gaskiya ba, wannan yaron ne zai tsaya gaban alƙali.

Ya bi sawun tayoyin da ƙafa. Sawun ya miƙe ɗoɗar har bakin gangare, ba alamar an sassauta gudu. Da kuratansa suka tayar da babur ɗin, ya danna totur da babban yatsa. Totur ya shige, ya ƙi dawowa.

A caji ofis Amjad ya rantse ba su taɓa faɗa ba. Sufeto ya jera masa sunayen waɗanda suka ji su, sai Amjad ya sunkuyar da kai ya fara magana. Ya ce a unguwar Alsahafa suka sayi babur ɗin, tsoho kwaraɓaɓɓe, da niyyar su gyara su tafi arewa haƙar zinariya. To abin ya zama kamar an yi musu baki. In suka wanke kafireta yau, gobe sai su tarar da yashi a ciki. Kuloci kuma ya dinga zamewa, inji na kururuwa babur na tsaye. Har Hazim ya fara zargin shi ne yake lalata musu aiki don tsoron tafiya.

"A ina babur ɗin yake kwana?"

"A tsakar gidansu, ranka ya daɗe. Ni ko zauren ba na wucewa."

Daga nan Sufeto ya sa aka ɗora babur ɗin a mota zuwa bayan Kasuwar Umdurman, garejin Usta Mahir, bakaniken da Amjad ya ambata. Mahir na ganin kaki ya ce bai taɓa ɗora ido a kan wannan ƙarfen ba. Sufeto ya nuna masa sabon gam a murfin kuloci, irin wanda ke buɗe a kan bencinsa, ya tambaye shi ko ya fi son su ƙarasa hirar a ofis.

Nan take Mahir ya tuna. Ya ce shekaranjiya ya canza faifan kuloci. Da ya juye baƙin man ciki ya ga na mota ne, wanda ke sa irin wannan kulocin santsi, kuma ba shi ya zuba ba, yaran ma sun rantse ba su ba ne. Sufeto ya sa shi ya kwance kan kafireta. Mahir ya leƙa, ya juya murfin, ya sake leƙawa. Sifirin ɗin da ke mayar da totur babu shi.

"Ba ya faɗuwa da kansa, cire shi aka yi," in ji Mahir. "In ka danna, shi ke nan, inji ya buɗe baki ba mai rufe shi. Da tsohon kulocin ne da ihu kawai zai yi a wuri guda. Nawa sabo ne, ya kama."

Bayan la'asar Sufeto ya je gidan makoki. An kafa rumfa a ƙofar gida, ana ta zaga shayi, maza sun cika tabarmi. Ya yi gaisuwa, ya roƙi Baba Ishaku su shiga ciki ya ga inda babur ke kwana.

Dattijon ya yi gaba yana jan ƙafa. Ya ce shi bai san komai a kan inji ba, auduga ya tsinta duk rayuwarsa a gonakin Jazira. Sufeto bai musa ba. Idonsa na kan wani galan na baƙin man mota da aka tura ƙarƙashin gadon igiya, a gidan da babu mota. Ya jawo shi da ƙafa. Saura kaɗan a ciki.

"Wace mota kake shayarwa, Baba?"

Dattijon ya zauna a bakin gadon. Da ya buɗe baki, ba Hazim ya fara ambata ba, Dauda ya ambata, babban ɗansa, wanda ramin zinariya ya rufta da shi a arewa, ko gawarsa ba su gani ba. Ya ce ya roƙi Hazim, ya yi faɗa, ya tara masa dangi, yaron ya ce talaucin Dar Salam ma rami ne. Sai ya koma yaƙi da babur ɗin. Shi ne mai yashi, shi ne mai baƙin mai. Da ya ga an sa sabon kuloci, tafiya ta matso, sai ya tuna aikinsa na da. Ba auduga kaɗai ya tsinta ba, ya yi shekaru yana kula da injin ban-ruwa.

"A injinmu na gona, in ka zare sifirin, inji ya kwanta. Ba ya ƙara ɗaga murya sai ka mayar." Ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa, ya fito da ɗan siririn ƙarfe a naɗe, ya ajiye a tafin Sufeto. "Na ɗauka duk inji ɗaya ne."

Sufeto ya tambaye shi ko ya san an kusa kashe Amjad da safe. Dattijon ya ce yana tsaye a wurin. Ya ce ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita.

Ya roƙi a bar shi ya gama karɓar gaisuwa, ko zuwa gobe. Sufeto ya ce ɗan mutane yana kulle da fasasshen baki, ba zai kwana a can ba. Ankwa dai bai sa masa ba.

Suka fito ta cikin rumfar. Mutane suka miƙe, a zatonsu shaida zai je bayarwa. Wani tsohon abokinsa tun na Jazira ya riƙe masa hannu biyu, ya ce Allah Ya ji ƙan Hazim, Allah Ya tona asirin wanda ya yi wannan aiki.

"Amin," in ji Baba Ishaku, ya shiga motar.