Yammacin da Na Kulle Kasala a Banɗaki

Dab da magariba na sauka sayo madara a shagon ƙasan bene, jaririna a goye. Ina dawowa na tarar da Mama, mahaifiyar mijina, tsaye a ƙofarmu, ta lulluɓe da mayafi. Sai gobe muke sa ranta. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa. Ni dai tun da aka yi aurenmu ban taɓa iya haɗa ido da ita ba.

Magenmu Kasala muke ce mata, don ko ɓera ya taka wutsiyarta ba ta motsi, kuma in Mama ta zo, cinyarta ce gadonta. Amma kwana biyun nan ta canza. Ta daina ci, ta tare a bakin ƙofa tana gurnani. Na ɗauka ciwo ne.

Mama na sa ƙafa, gashin bayan Kasala ya miƙe. Ta yi huci, ta kai wa mayafin yakushi.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Surukata guda! Na shaƙo magen, na wurga ta banɗaki, na ja ƙofa.

"Ki yi haƙuri, Mama. Ban san abin da ya shiga kanta ba."

"Kawo yaron," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Na kwance goyo na miƙa. Yatsunta suka taɓa nawa, sanyi ƙalau. Falon ya ɗauki warin jiƙaƙƙiyar toka.

Ina kicin ina ɗora shayi, wayata ta yi ƙara. Muryar Mama ce.

"'Yata, gobe da azahar ku zo tasha ku ɗauke ni. Ya jikana?"

A bayan muryarta ina jiyo rediyon ɗakinta.

Falo tsit. Yaron ya daina gwaranci. Sai ƙarar farce a jikin ƙofar banɗaki.

Na leƙa. Ba kowa a kujera. Ƙofar waje a buɗe, gefen mayafi yana sulalewa.

Na zabura. Da sauri na kai hannu na murɗa ƙofar banɗaki.

Kasala ta wuce fit.

Daga matakala aka ƙwalla wata ƙara. Ba ta mage ba ce, ba ta mutum ba.

Na bi ina salati. Yarona na kwance a kan matakala yana tsala kuka, Kasala tsaye a kansa, kunnenta a yage.

Washegari Mama ta iso. Kasala ta haye cinyarta ta yi lamo.

"Me ya sami kunnenta?"

Sai na zuba wa fuskarta ido.

"Yau kuma lafiya kike kallona haka?" ta ce tana dariya.

Kasala ta koma cin abincinta, a gindin gadon yaron take kwana. Amma in ni na zuba mata, sai ta kalle ni, ta kalli ƙofar banɗaki, ta juya. Sai dai mijina ya ba ta.