Gilashin Usta Ragab

Ina da halin ba da shawarar da ba a nema ba, kuma ni na ce wa abokin aikina Hazim ya yi shiru.

A masana'antarmu ta taki a Iskandariya aka kawo wani gilashin ido mai na'ura a ciki. In makaniki ya sa shi, ya kalli famfo sai zanensa ya fito, ya yi magana shafi ya juya, hannunsa na cikin baƙin mai. Kamfani ya so na'urar ta koyi inda gwani ke kallo. Gwanin kuwa Usta Ragab ne, maigidan Hazim, wanda ya tsani duk abin da ake yi wa caji. Sai Hazim ya ce masa gilashin kariya ne. Wata uku Usta yana sawa. A na huɗu aka yi masa ritaya.

Ranar da Hazim ya kai masa akwatin aikinsa gida, 'yarsa Nisma ce ta buɗe ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ta ɗauka yaran Baba duk masu tumbi ne. Ya sha shayi kofi uku, bai san ko da sukari ba.

Daga nan kullum akwai spana da aka manta, wadda Hazim zai kai gidan.

Wata safiya ta turo masa saƙo: "Mai baƙin hannu na, Baba ya ce kai kaɗai ne ba ka ci amanarsa ba. Yaushe za ka turo manya?"

Ya ture kwanon wakensa, ya ce zai je ya gaya wa Usta gaskiyar gilashin. Na ce ya bari a ɗaura aure tukuna. Bai bi ta kaina ba, Allah ya yi masa albarka.

Ya samu Usta a baranda, ya faɗi komai yana kallon silifas ɗinsa. Usta bai ɗaga murya ba, ya dai ce wa Nisma ta ɗauke shayin baƙo.

Mako biyar babu labari. Uwar Nisma ta fara yabon wani mai kantin magani. Hazim ya rame har wandon aikinsa na zamewa. Sannan saƙon Nisma ya shigo: "Har yanzu ina fushi, habibi. Zo ranar Juma'a, ka aske gemu."

Usta ya bar shi a tsaye ya jima, kafin ya ce, "Kai ɗana, shekara arba'in ana yi mini ƙarya a wurin nan, ba wanda ya taɓa hawo bene shida ya gaya mini. Je ka kawo manyanka."

Aka karanta Fatiha, aka sha sharbat, mata suka rangaɗa guɗa. Usta ya dafa kansu ya ce Allah ya zaunar da su lafiya. Hazim ya yi kuka, ya sake neman gafarar ilimin da ya sata.

Bayan biki Nisma ta gaya masa shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe idanun Usta. Da kunne yake gyara, ba abin da na'urar ta koya daga kallonsa.